Yadda zaka gano abin da ke sa motarka zafi kafin ka fara canza kaya

Duk wanda ya taɓa riƙe sitiyari ya san faɗuwar gaban nan da mutum ke ji in yana cikin tafiya ya kai ido kan geji yaga allurar zafi ta bar tsakiya ta kama hanyar ja. Abin da ya sa na zauna nake rubuta wannan shi ne naga mutane da yawa in motarsu ta fara obahitin sai kawai a shiga canje-canje, yau lagireto, gobe watafam, jibi ace sai an sauke tof, wato kan inji, aljihu na ta zubewa ita kuma motar tana nan da zafinta kamar ba a taɓa ta ba. Alhali ita mota tana nuna maka inda ke mata ciwo, lokacin da take yin zafin ma kaɗai ya isa ya kai ka rabin hanya, in dai ka nutsu ka lura.

Ni kaina na taɓa sa lagireto sabo fil saboda zafi, kwana 2 tsakani allura ta sake hawa, sai daga baya na ɗauki murfin lagireton na juya shi a hannuna naga robar da ke ƙasansa ta tsattsage kamar faso, ta bushe ƙamas, in ka danna sifirin ɗin babu wani ƙarfi a jikinsa. Ashe tun farko shi ne. Abin ya daɗe yana min ciwo a rai domin da na duba shi na minti 1 da ban taɓa lagireton nan ba, tun daga ranar nake bin abu daki-daki, daga mai sauƙi zuwa mai wuya.

Fara sanin yadda ruwan ke yawo

Man da injin ke ƙonawa kusan kashi 1 cikin 3 ne kawai ke zama ƙarfin da ke juya taya, wani kason ya fita ta salansa, sauran kuma ruwa ne ke ɗauke shi. Watafam ke tura ruwan ya zaga cikin bulok, wato gangar jikin inji, da tof ya kwaso zafi, ya zo ƙofar tamostat, in zafin ya kai sai ta buɗe ya wuce ta tiyon sama ya shiga lagireto, iska ta bi ta ramukan nan masu kama da saƙar zuma ta huce shi, ya dawo ta tiyon ƙasa. Shikenan fa. Yawancin injina suna jin daɗin aiki tsakanin digiri 90 zuwa 105 ne. Toh kaga in zafi ya wuce haka abu uku ne, ko ruwan ya yi kaɗan, ko baya yawo, ko kuma yana yawo amma ba a huce shi. Na huɗunsu shi ne injin da kansa yana hura wuta cikin ruwan, wato in gasket, shimfiɗar da ke tsakanin tof da bulok, ya ƙone, shi kuma a ƙarshe ake zuwa kansa.

In ta yi maka zafi kana kan hanya

Kashe esi nan take. In hitar motar tana aiki kunna ta ka ƙure, ka sauke gilasai, zaka sha zafi amma hitar nan ƙaramin lagireto ce tana janye wani abu daga injin. Nemi gefe ka faka. In allura ta riga ta shiga ja ko kaga tururi ko ka ji injin yana ƙas-ƙas yana rasa ƙarfi, kashe shi kawai, kar kace bari in ƙarasa ga gida can, wannan "bari in ƙarasa" ɗin ita ke lanƙwasa tof ta sa inji ya buga.

Dan Allah dan Annabi kar ka buɗe murfin lagireto da zafi. Ruwan da ke ciki a matse yake, ya haura digiri 100 amma matsin ya hana shi tafasa, kana sassauta murfin zai tashi gaba ɗaya ya watso maka a fuska da hannu, ƙunar nan ba wasa bace. Ka jira aƙalla minti 30, in ka iya kama tiyon sama da hannu ka matse shi ya matsu toh sannan ka ɗora tsumma mai kauri ka murɗa kaɗan iska ta fita tukuna ka cire. Kuma kar ka sheƙa wa inji mai zafi ruwan sanyi, ko a ciki ko a jikinsa, ƙarfe mai zafi in sanyi ya dake shi farat ɗaya tsagewa yake. Sannan ka yi hattara da fankar lantarki, a wasu motocin tana tashi da kanta ko ka zare makulli.

Daga nan sai bincike. Mataki na farko, tabbatar zafin na gaske ne. Geji ma yana ƙarya. In allura ta yi tsalle ta tafi ja cikin daƙiƙa ta dawo, ko tana rawa in ka kunna fitila, inji baya zafi da sauri haka, ka zargi sensa ko waya ko wayar at, wadda ake ɗaurewa a jikin mota, da ta saki. In zaka samu kwamfutar duba mota ka jona ta kaga ainihin lambar da sensa ke bayarwa, da safe kafin a tada mota ya kamata lambar ta yi kusa da zafin gari, in ta nuna wani abu daban can toh sensar ce. Akwai kuma ƙaramar na'urar nan mai kama da bindiga da ake auna zafi daga nesa, ka saita ta a gidan tamostat ka gwada da abin da geji ke faɗa. Amma ka kula da wani abu mai haɗari, in ruwa ya ƙare ƙarƙaf sensa tana iya zama a cikin iska, sai geji ya sauko kamar komai lafiya alhali injin yana dahuwa. Allura ta hau sannan ta sauko da kanta kuma hita ta koma busa sanyi, wannan ba sauƙi bane, ruwa ne babu.

Mataki na biyu shi ne ruwa, kuma a nan yawancin matsalar take. Da safe inji da sanyi ka duba gorar roba da ke gefe, ruwa ya kasance tsakanin layin ƙasa da na sama. In motarka mai murfi a kan lagireto ce kar ka tsaya a gorar kawai, buɗe lagireton ka leƙa, domin gora tana iya cika alhali lagireto ya yi ƙasa in murfin baya zuƙo ruwan ya mayar. In ya ragu toh tambayar ita ce ina ya tafi, domin ruwan mota ba ya ƙarewa haka kawai, rufaffen waje ne, duk wanda ke ƙara ruwa kowace safiya motarsa tana yoyo ko da bai ga ɗigo ba.

Shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar ta kwana a kai, da safe ka ga inda ya jiƙe. Ɗauki tocila ka bi tiyo ɗaya bayan ɗaya, musamman bakin da kilif ya kama, ka bi inda robar lagireto ta haɗu da alminiyon domin nan yake yawan tsagewa, ka duba gidan tamostat, ka leƙa ƙarƙashin watafam, ka duba ƙananan farantan nan masu kama da kwabo da ke jikin bulok, tsatsa na cinye su. Yoyo ƙarami ba zaka ga ruwa ba, abin da zaka gani shi ne wani farin gari ko kore-kore ko ja-ja da ya bushe a wajen kamar gishiri, wannan sawunsa ne. Ka matsa kowane tiyo, wanda ya yi laushi tuɓus ko ya kumbura ko ya ƙage yana ƙara in ka matsa, ya gama aiki. Ka shiga cikin mota ka taɓa kafet ta gaban fasinja, in ya jiƙe yana wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi kuma gilashin gaba yana yin hazo mai maiƙo, hita ce ta fashe. Ruwan da ke ɗiga in an kunna esi shi kuma fari ne tas babu wari, wannan ba komai bane kar ya ruɗe ka.

In ka duba ko'ina baka gani ba, akwai famfon gwaji da kanikawa ke ɗaurawa a bakin lagireto su buga iska daidai lambar da ke kan murfi, a zuba wa allurarsa ido minti 10 zuwa 15, in tana sauka akwai inda yake fita, kuma sau da yawa a nan take zaka ga wajen ya fara tsartuwa. Kar a buga fiye da lambar murfin, sai a fasa abin da bai fashe ba.

Mataki na uku murfi, kuma ina so in daɗe a nan kaɗan domin an raina shi. Duba samansa zaka ga an rubuta 0.9 ko 1.1, a wasu kuma 13 ko 16, wannan matsin da yake riƙewa kenan. Ruwa zalla a buɗe yana tafasa a digiri 100, amma da murfi mai lafiya sai ya kai wajen 120, in kuma an gauraya shi da kulant, wato maganin da ake haɗawa da ruwan lagireto, rabi da rabi ya doshi 128 kafin ya tafasa. Kaga kenan in murfin ya mutu motar da ke aiki a 103 lafiya ƙalau sai ta fara tafasa tana amayar da ruwa ta gora, kai kuma kana ta neman laifin lagireto. Juya shi ka duba robobin, ka danna sifirin, ka ja ɗan ƙaramin bawul ɗin da ke tsakiya kaga yana motsi yana komawa ya zauna. In kaga tiyon sama ya shanye ya lotsa bayan mota ta huce, wannan ɗan bawul ɗin ne ya maƙale. Ka saya mai lamba irin ta asali, kar kace bari in sa mai ƙarfi, tiyo da lagireto ne za su biya.

Yanzu tambayi kanka, yaushe take zafin?

Wannan ita ce tambayar da nake fara yi wa duk wanda ya kawo min kuka. In a gosulo take yi ko tana tsaye a sulo, amma kana samun titi ka taka allura ta sauko, iska ce babu, ka tafi wajen fanka. In akasin haka ne, a gari lafiya lau amma ka hau babban titi ko hawan tudu ko ka ɗauki kaya sai ta hau, toh ruwan ne baya wucewa yadda ya kamata, lagireto ya toshe ko watafam ya gaji ko tamostat na buɗewa rabi. In minti 5 zuwa 10 da tada ta ta kai ja ko'ina kake, tamostat ta maƙale a rufe ko watafam ya tsaya ko babu ruwa. In sai ka kunna esi take yi, fanka ɗaya ta mutu ko datti ya cika tsakanin kondensar esi da lagireto. In kuma allura hawa take tana sauka babu tsari, hita yanzu zafi anjima sanyi, iska ce a ciki, kuma sai a tambaya daga ina iskar take zuwa.

Fanka. Tada mota ka bar ta a sulo kana kallon geji, in zafi ya kai wajen digiri 95 zuwa 105 gwargwadon mota ya kamata fanka ta tashi ta yi ɗan lokaci ta tsaya. Hanya mai sauri ita ce ka kunna esi, a yawancin motoci fanka tana tashi tare da shi. In bata tashi ba fara da fiyus, murfin akwatin yana nuna wanne ne, in lafiya yake ka ɗauki rile ɗin fanka ka musanya da wani irinsa sak da ke cikin akwatin, kamar na hon. Har yanzu shiru, cire soket ɗin fankar ka ba ta wuta kai tsaye daga batir, in ta juya ita lafiya take matsalar tana waya ko sensa, sai mai wayarin, in bata juya ba ko tana juyi a kasalance ɗan injin lantarkin da ke juya ta ya mutu. Fankar da ke tashi sai an ɗan bubbuga ta burushinta ya cinye, kar ka dogara da ita. Wani abu da na gani da idona, an canza fanka an juya wayoyin, tana ta gudu da ƙara amma tura iskar take waje maimakon ta zuƙo. Sa 'yar takarda a gaban lagireto, ya kamata ta manne. Kuma gidan fankar nan na roba ba ado bane, in an cire shi iskar gefe take zuƙa ta bar lagireton.

Motocin da fankarsu ke jikin inji kuwa, masu kuloci, ka kashe inji bayan ya yi zafi ka juya fankar da hannu, ya kamata ka ji tana da nauyi, in ka wulla ta ta yi ta juyi sakaka ko kaga maiƙo a tsakiyarta, kulocin ya tafi.

Tamostat. Tada mota da sanyi ka riƙa taɓa tiyon da ya fito daga gidan tamostat, kana kiyaye hannunka da rigarka daga bel da fanka. Da farko sanyi zaka ji, sai allura ta kusa tsakiya sannan cikin ɗan lokaci ka ji ya ɗauki zafi, wannan ta buɗe kenan. In allura ta wuce tsakiya tiyon kuma har yanzu da ɗumi-ɗumi kawai, a rufe take. In kana so ka gani da idonka ciro ta ka ɗaure da zare ka rataya cikin tukunyar ruwa a kan wuta, kar ta taɓa gindin tukunyar, akwai lamba a jikinta, 82 ko 88 ko wajen haka, ruwa na kai wannan zaka ga bakinta ya fara rabuwa a hankali, kafin ya tafasa ta wangale har kusan ɗan yatsa ƙarami ya shiga, ka ciro ta ta huce ta koma ta rufe ruf. Wadda ta ƙi motsi ko ta buɗe ɗan siriri ta tsaya, jefar da ita. Wajen sa sabuwa ɓangaren sifirin yana kallon inji, ɗan ƙaramin ramin iska da ke gefenta kuma ya kalli sama.

Kuma gaskiya ban yarda da cire tamostat a yar ba, duk da nasan da yawa suna yi. Inji zai daɗe bai kai zafin aikinsa ba, kwamfutar motar tana ganin sanyi sai ta yi ta ƙara mai, shan mai ya ƙaru, baƙin mai ya yi saurin lalacewa, injin yana cin kansa a hankali, a motocin zamani har wutar cek ta kama da lamba P0128. A wasu injinan ma tamostat ita ke toshe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma inji ba tare da ya shiga lagireto ba, ka cire ta sai ruwan ya riƙa bin gajeriyar hanya zafi ya ƙaru. Haka ma haɗa fanka dairek, rufe ciwo ne kawai, abin da ya kawo zafin yana nan.

Lagireto kashi biyu ne toshewarsa. Ta waje, ƙura da ciyawa da ƙwari da leda, musamman a tsakaninsa da kondensar esi inda ido baya kaiwa, haska tocila ta baya ka leƙa ta gaba, in haske baya ratsowa wanke shi da ruwa mara ƙarfi daga ɓangaren inji zuwa waje, ruwa mai ƙarfin tsiya yana kwantar da ramukan. Ta ciki kuwa tsatsa ce da farin dutsen nan irin na gindin buta, wanda ruwan rijiya ko na famfo zalla ke haifarwa. Bayan mota ta yi zafi ka kashe ta, ka cire soket ɗin fanka, ka shafa bayan hannunka a jikin lagireton a hankali, ya kamata zafin ya tafi bai ɗaya yana raguwa zuwa wajen fita, in ka ji wani waje zau wani waje sanyi kamar ba a jikin mota yake ba, bututun wajen sun toshe. In ruwan da ke ciki ya koma ja kamar kunun kanwa ko laka-laka, kusan ka samu amsa. Wanki yana taimakawa in abin bai yi nisa ba, in ya yi nisa sai canji. Kuma maganin toshe yoyon nan da ake zubawa a ciki, na fita kunya ne a hanya, in aka mayar da shi abin yi kullum shi ma yana toshe hita da lagireton.

Ka sa wani ya taka totur kai kana kallon tiyon ƙasa, in yana shanyewa yana mannewa in an taka, ya yi laushi, yana shaƙe ruwa daidai lokacin da inji ya fi buƙata.

Watafam. Inji a kashe ka duba fanbel, in ya saki ko ya yi ƙyalli ko ya tsattsage yana zamewa ne. In zaka iya kai hannu ka kama fulin watafam ka girgiza, ko kaɗan bai kamata ya yi lilo ba, in yana gurnani ko kuka boris ɗinsa ne. Akwai ɗan rami a ƙasansa, in nan yana ɗiga ko kaga sawun busasshen kulant sil ɗin ciki ya mutu. Mai wuyar ganewa shi ne wanda ta waje lafiya amma farfelar ciki tsatsa ta cinye ta, ko ta roba ce ta saki daga sandarta tana juyi a banza. Alamarsa hita bata zafi sosai duk da ruwa a cike yake, kuma zafi na ƙaruwa in ka taka. A mota mai murfi kan lagireto ka buɗe tun da sanyi ka tada, in tamostat ta buɗe ya kamata kaga ruwa na gudu. In kuma taimin bel ne ke juya watafam ɗinka, ka canza su tare, aiki ɗaya ne, kuma watafam ɗin in ya ƙage yana iya tsinka bel ɗin ya jawo ɓarnar da ta fi zafin.

Sai gasket, wanda kowa ke tsoro

Kar ka yarda a sauke tof da zato kawai. Alamominsa suna da yawa kuma ba lallai su zo gaba ɗaya ba: farin hayaƙi mai kauri daga salansa da baya ɗaukewa ko mota ta yi zafi, mai ƙamshin zaƙi, ruwa na raguwa babu yoyo a waje, baƙin mai ya koma kamar shayi da madara a jikin sandar dubawa, mai yana yawo a saman ruwan lagireto, mota na kakkarwa da safe sannan ta daidaita, in ka ciro fulogai kaga ɗaya ya wanku tas ya fita daban da 'yan'uwansa. Amma ɗan farin kumfa a ƙarƙashin murfin mai kaɗai ba hujja bane, motar da ke gajerun tafiye-tafiye tana yin haka saboda raɓa. Kuma in motar otomatik ce kaga wani abu kamar madara mai ruwan hoda a lagireto, ka duba man giya, mai yiwuwa bututun huce man giya da ke cikin lagireton ne ya fashe.

Gwajin da zaka yi da kanka, da sanyi ka cika ruwa ka bar murfi a buɗe ka tada, in kumfa yana ta ɓulɓulowa babu tsayawa, ko ruwa ya yi tsiri da an taka totur, hayaƙin silinda ne ke shigowa. Ko ka rufe ka tada, cikin minti 1 ko 2 tiyon sama ya yi tauri kamar taya alhali inji bai ko ɗumama ba. Wanda ya fi tabbas shi ne gwajin shuɗin ruwan nan da ake ɗorawa a bakin lagireto a zuƙo iskar ciki ta bi ta cikinsa, in akwai hayaƙi sai ya koma rawaya a motar fetur, a ta dizal ya yi kore. A haɗa da gwajin kwamfireshan, wato auna matsin kowace silinda, silinda biyu maƙwabta in suka faɗi tare gasket ya ƙone a tsakaninsu. In ya tabbata, kar a ɗora sabon gasket sai an kai tof an auna shi, a injina da yawa masu tof na alminiyon lanƙwasar da ta wuce milimita 0.05 sai an goge fuskar, a duba ko ya tsage, a ɗaure notocin bi da bi da sifana mai awo yadda kamfani ya tsara. Sannan ka tuna sau da yawa zafi ne ya ƙona gasket ɗin tun farko, in ba a gano fankar ko murfin ko yoyon da ya jawo ba sabon ma ƙonewa zai yi.

In duk wannan lafiya, sai ka waiwayi ƙananan abubuwa, baƙin mai ya yi ƙasa, taimin ya goce, salansa ta toshe, birki na riƙewa.

Zuba ruwa da fitar da iska

Ko me ka gyara a nan ake ɓata aikin. Yi amfani da irin kulant ɗin da littafin motarka ya ce, kar ka bi launi domin launi ba shi ke nuna iri ba, kuma gauraya iri biyu yana iya yin kauri ya toshe hanya. In mai kauri ne ka haɗa rabi da rabi da tataccen ruwa irin na batir, wanda babu asid a ciki, in an riga an haɗa kar ka ƙara komai. Tsohon iri ana canza shi duk shekara 2, mai dogon zango yana kai wajen 5. Wanda ka zubar kuma ka tare shi a roba ka rufe, guba ne kuma yana da zaƙi, yaro ko dabba in suka sha ƙoda yake kashewa.

Faka mota gabanta ya ɗan fi bayanta tudu, sa hita a ƙarshen zafi, ka zuba a hankali kana matsa tiyon sama da na ƙasa. In akwai ɗan noti na fitar da iska a gidan tamostat ko jikin tiyo sassauta shi har ruwa ya fito babu kumfa sannan ka ɗaure. Tada ta murfi a buɗe, ruwa zai riƙa sauka kana ƙarawa, in tamostat ta buɗe zai faɗa ƙasa sosai ka sake cikawa, ka jira hita ta busa zafi sosai, sannan ka rufe ka bar ta har fanka ta tashi ta tsaya sau 2. Cika gora zuwa layi.

Daga nan ka fita da ita ka maimaita ainihin yanayin da take yin zafin, in a tsaye take yi ka bar ta a sulo da esi minti 20, in a tudu ne ka nemi tudun ka hau, idonka na kan allura. Washegari da sanyi ka sake buɗewa, zaka iya samun ya ɗan sauka saboda ragowar iska, ka cika ka ja layi da biro a jikin gorar daidai inda ruwan ya tsaya, ka riƙa leƙa layin kowace safiya har sati 1. In yana nan inda ka bar shi aiki ya yi, in ya sauka ko da faɗin yatsa ne ka koma kan kwali da tocila.